Kelle: garin jimina a gindin duwatsun Kutus

Kelle ƙaramar hukuma ce a gundumar Gure, cikin jahar Damagaram. Tana arewa da garin Gure, a gindin duwatsun Kutus, inda gonakin gero suke ƙarewa, makiyaya ta fara. Abin da ya fito da sunanta a 'yan shekarun nan shi ne cibiyar kiwon jimina, ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka rage a Nijar da yaro zai iya ganin wannan tsuntsu ido da ido.

Jiminar da ta ɓace daga daji

Jiminar da ake kiwo a Kelle ita ce mai jan wuya, ta arewacin Afirka, wadda ta fi kowane tsuntsu girma a duniya. Namiji yakan kai tsawon mita 2 da rabi ko fiye, nauyinsa kuma ya kusanci kilo 150. Baƙi ne mai fararen gashin fiffike da wutsiya, mace kuwa ruwan toka ce. Ba ta tashi sama, amma gudunta yakan kai kilomita 70 a awa. Ƙwanta ɗaya ya kusa kilo ɗaya da rabi, kuma sai ya yi kimanin kwana 42 kafin a ƙyanƙyashe shi. Mace ce ke kwanci da rana, namiji ya karɓe ta da dare.

A ƙarni na 19 gashin jimina na cikin manyan hajojin da ayari ke ɗauka daga Damargu da Zinder da Kano zuwa Tarabulus. Har yau ana ganinsa a maficin sarakuna da takalman Sarkin Kano. Sai dai farauta da bindiga da mota, kwasar ƙwai daga sheƙa, da farin shekarun 1970 da 1980 sun taru sun ƙarar da ita. Zuwa farkon shekarun 2000 babu sauran jimina a dajin Nijar. 'Yan garkunan da suka tsira suna ƙasashe kamar Chadi, Kamaru da Senegal.

Aikin cibiyar

Wata ƙungiyar mutanen yankin mai suna CERNK, wadda ke kula da albarkatun Kutus, ita ke riƙe da wurin tare da ƙungiyar Sahara Conservation da ma'aikatan gandun daji na gwamnati. Ana ajiye tsuntsayen cikin manyan shingaye a irin dajin da suka saba da shi, akwai kuma na'urorin ƙyanƙyasa masu aiki da hasken rana. Akwai wasu wuraren kiwon a Iferuwan da Maine-Sorowa. Manufar ita ce a tara isassun tsuntsaye a mayar da su daji. Aikin na tafiya a hankali, domin ba kowane ƙwai ke ƙyanƙyashewa ba, kuma 'yan tsakin na da saurin mutuwa a watanninsu na farko.

Sauran namun daji

Ungulaye na yin sheƙa a goshin duwatsun Kutus, ciki har da mikiya da farar ungulu. Su ma suna raguwa, saboda ana kama su ana sayar da sassan jikinsu ga masu maganin gargajiya. Can arewa maso gabas, ta wajen Tasker, akwai gandun Termit da Tin-Tumma da aka kafa a 2012, ɗaya daga cikin mafi faɗi a Afirka. Nan ne mafakar adaks, farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda ta kusa ƙarewa a daji. Zuwa Termit na buƙatar izinin hukuma, ɗan jagora da motocin rairayi, saboda haka ba tafiyar yara ba ce. Kelle ita ce ta fi dacewa da iyali.

Mutanen Kutus

Tsofaffin mazauna duwatsun su ne Dagara, wani reshe na Barebari, kuma a Kelle fadar sarkinsu take. Tare da su akwai Hausawa manoma da 'yan kasuwa, sai Fulani, Tubawa da Buzaye masu kiwon shanu, awaki da raƙuma. Ana jin Hausa a kasuwa, don haka baƙo daga Zinder ko Maraɗi ba zai rasa abokin magana ba. Ranar kasuwa da bakin rijiya da safe su ne inda ake ganin rayuwar makiyaya yadda take: raƙumi ko jaki na jan guga, garkuna na jiran layinsu, mata na sayar da nono da cuku.

Kafin a kama hanya

Daga Zinder zuwa Gure kimanin kilomita 160 ne a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa, daga nan a yi arewa. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ya fi sauƙi ga yara da tsofaffi, domin da bazara zafi na wuce digiri 40.

Cibiyar wurin kiwo ce, ba gidan kallon dabbobi ba. Ya kamata a nemi izini tun daga ofishin gandun daji na Gure, a kuma tambayi hukuma halin tsaron hanya. Da an isa gari, a fara da gaisuwa a fada. A tafi da isasshen ruwan sha, a kuma nemi yardar mutum kafin a ɗauke shi hoto.

A bakin shinge a riƙe hannun yara. Namijin jimina na faɗa lokacin barbara, kuma shurinsa na iya karya ƙashi. Kada a jefa musu abinci ko a bar leda a ƙasa, domin jimina na haɗiye duk abin da ta tsinta. Wanda kuma aka yi wa tallan ƙwan jimina ko kan ungulu a hanya, kada ya saya: irin wannan ciniki ne ya raba dajin Nijar da jimina.