Bayani: Yadda ake lissafin nauyin tirelar da motar a-kori-kura za ta iya ja

Da zarar kaka ta kama, hanyoyin da suka haɗa Kontagora da Tegina, da Rijau, da Yawuri, da Mokwa sukan cika da motocin a-kori-kura. Wasu na ɗauke da buhunan masara da dawa da waken suya, wasu kuma na jan ƙaramar tirela mai ɗauke da injin sussuka, ko tankin ruwa, ko janareta, zuwa gonakin Mariga da Magama da Mashegu. A Amurka da Ostireliya irin wannan mota takan ja ɗakin kwana mai taya da iyali ke tafiya yawon hutu da shi. A nan kayan noma ne da na sana'a. Amma lissafin ɗaya ne, kuma kuskure a cikinsa yakan ƙare ne da ƙonewar kuloci, ko fashewar taya, ko birkin da ya ƙi kamawa a gangara.

Masu sayar da mota sukan ambaci adadi guda, su ce wannan tana jan tan uku da rabi. Adadin gaskiya ne, sai dai yana da sharuɗɗan da ba kasafai ake faɗa ba. Kamfanin da ya ƙera mota yakan gindaya iyakoki da yawa a lokaci guda, kuma wanda aka fara cimmawa a cikinsu shi ne ainihin iyakar motar a wannan tafiya.

Inda ake samun alkaluman

Kowace mota tana da farantin ƙarfe ko takardar da aka liƙa a jikinta, galibi a dogarin ƙofar direba ko ta fasinja, wani lokaci a cikin ɗakin inji. Sauran bayanin yana cikin littafin da mota ke zuwa da shi. Abubuwa biyar ake nema.

Na farko shi ne nauyin motar ita kaɗai, da mai da ruwa amma ba mutum ba kaya. Na biyu, iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai da duk abin da ke kanta, wanda ake rubutawa GVM ko GVWR. Idan aka cire na farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne lodin da za ta iya ɗauka, kuma direba da yaran mota suna cikin wannan lodi. Na uku shi ne iyakar nauyin mota da tirela a haɗe, GCM ko GCWR. Na huɗu, iyakar nauyin tirelar da za a ja, kuma wannan kashi biyu ne: tirela mai birkin kanta da marar birki. Na biyar shi ne nauyin da aka yarda bakin tirela ya danna a kan ƙugiyar mota.

A motocin da aka ƙera don kasuwar Turai, farantin yakan nuna lambobi huɗu a jere: iyakar nauyin mota, iyakar mota da tirela, sai abin da ƙafafun gaba za su ɗauka, sannan na baya. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Toyota Tacoma da Tundra, sukan kawo nasu a ma'aunin fam, kuma fam ɗaya bai kai rabin kilo ba, giram 454 ne. Wanda ya ga 6,000 ya zaci kilo ne, ya ninka abin da motar za ta iya fiye da sau biyu, domin fam 6,000 kilo 2,720 ne kawai.

Suna ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya. Hilux mai injin fetur 2.7, wadda ta yawaita a Najeriya, ba a ba ta adadin da aka ba mai injin dizal 2.8 ba, haka kuma akan sami bambanci tsakanin mai giyar hannu da mai giya otomatik, da tsakanin ƙirar wata shekara da wata. Adadin da ake dogara da shi shi ne na jikin motar da ake magana a kanta, ba wanda aka gani a talla ba.

Lissafin kansa

A ɗauki Hilux mai ƙofa huɗu da injin dizal 2.8, irin wadda aka sayar a Ostireliya daga shekarar 2020. Nauyinta ita kaɗai kusan kilo 2,100 ne. Iyakar nauyinta da kaya 3,050. Iyakarta ita da tirela 5,850. Tirela mai birki, har kilo 3,500.

Idan aka rataya mata tirelar kilo 3,500 cif, sai a cire wannan daga 5,850, saura 2,350. A cire nauyin motar, saura kilo 250. Wato direba da mutum biyu da akwatin sifana, shi ke nan. Ba buhu ko ɗaya a baya. A wannan yanayi kaɗai ne tan uku da rabi ya tabbata.

To amma ba haka ake fita gona ba. A ce akwai direba da mutum huɗu, kowanne kilo 70, jimla 350. Kayan aiki da jarkokin mai da igiyoyi da tamfol, kilo 100. An kuma ɗora buhun masara uku a baya, kilo 300 idan buhun bai wuce kilo 100 da aka san shi da shi ba, ko da yake buhun da aka yi wa ɗinkin hula a kasuwar ƙauye yakan wuce haka. Lodi ya zama kilo 750, mota ta kai 2,850.

Ta fuskar iyakar mota da tirela, saura kilo 3,000. Da nan lissafin ya tsaya, da an ce ba a yi asara mai yawa ba. Sai dai bakin tirela yana danna ƙugiya, kuma wannan dannawar lodi ce a kan motar, daidai da buhun da aka ɗora mata. Domin tirela ta bi mota ba tare da rawa ba, ana son kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta ya sauka a kan ƙugiyar. A Amurka ma ana kai shi har kashi 15. Motar nan kuwa kilo 200 ne ya rage mata kafin ta kai 3,050. Kilo 200 shi ne kashi 10 na kilo 2,000. Ke nan tirelar da za ta ja ba za ta wuce tan biyu ba, kuma wannan har da nauyin ƙarfen tirelar. Idan tirelar ita kaɗai kilo 600 ce, kayan da za ta ɗauka 1,400 ne, buhu 14.

Akwai abin lura a nan da zai amfani mai mota. Da an sauke buhuna ukun nan daga bayan mota an mayar da su cikin tirela, motar za ta koma kilo 2,550, ta sami sararin kilo 500, kuma iyakar tirela ta tashi zuwa 3,300. Idan lodin mota ya kusa cika, kowane kilo guda da aka ƙara mata yana cinye kilo goma daga abin da za ta iya ja. Saboda haka idan akwai tirela mai birki, kaya masu nauyi wurinsu cikinta ne.

Ƙafafun baya su ne suka fi shan wahala a duk wannan. Ƙugiya tana can bayan tayoyin baya da fiye da mita ɗaya, alhali tsakanin tayoyin gaba da na baya kusan mita uku ne. Sai abin ya zama kamar ɗaga dutse da sanda: kilo 200 a kan ƙugiya yakan zama kusan 280 a kan ƙafafun baya, ragowar 80 ɗin kuma daga ƙafafun gaba aka ɗebo shi. Shi ya sa motar da aka danne ta ke ɗaga hanci, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilun gaba su riƙa haska sama suna kashe idon masu tahowa.

Tirela marar birki

Duk alkaluman da suka gabata na tirela ce mai birkin kanta. Ga marar birki, adadin da kamfanoni da yawa suka sanya wa irin waɗannan motoci shi ne kilo 750, har da nauyin tirelar. Wannan shi ne batun da ya fi shafar manoman yankin Kontagora da sauran garuruwan Arewa, domin da yawa daga ƙananan tirelolin da masu walda ke haɗawa da tsohuwar ƙafar mota ba su da birki ko kaɗan.

Idan irin wannan tirela tana da kilo 350, abin da za ta ɗauka buhun masara huɗu ne, ko buhun taki takwas masu kilo 50. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 1,000 ya riga ya wuce iyaka tun kafin a lissafa ƙarfen da ke ɗauke da shi. Tankin da aka cika rabi kuma yana da nasa haɗarin daban, domin ruwan yana kai-komo, ya tura motar gaba idan aka taka birki, ya jefa ta gefe a kwana.

Direba zai iya cewa ya sha jan ninkin haka bai ga komai ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Inji yana iya tayar da nauyin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Iyakar kilo 750 ta tsayawa ce. Birkin da aka yi don tsayar da tan uku shi ake nema ya tsayar da biyar, kuma tazarar da ake buƙata tana ƙaruwa da ninkin gudu sau kansa: wanda ya tashi daga kilomita 60 a sa'a zuwa 80 ya ƙara wa birkinsa aiki da kusan kashi 80 cikin 100. A hanyar da garken shanu ko mai babur zai iya ɓullowa daga kwana, wannan tazara ita ce magana.

Yadda aka samo adadin, da dalilin rage shi

A Amurka ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fitar da ƙa'idar gwaji mai lamba J2807, wadda manyan kamfanonin ƙasar suka koma bi a motocinsu na shekarar 2015. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen shi ne hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona, tafiyar kusan kilomita 18, a zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya mota a kunne. Ana kuma ɗauka cewa mutum biyu ne kawai a cikin motar, kowanne kilo 68.

Zafin Kontagora a watannin Maris da Afrilu yakan kai wannan. Bambancin shi ne motar gwaji sabuwa ce, a kan kwalta mai kyau. Motar da ta yi shekara goma sha biyar, lagiretonta ya toshe da ƙura, aka kuma yi mata kejin ƙarfe a baya, ba ita ba ce. Kejin kansa lodi ne, a cire nauyinsa. Ƙara ganyen sifirin, wanda makanikai suka saba yi, yana hana mota zama a ƙasa, amma bai ƙara wa birki ko shasi ko taya komai ba. Yana ma ɓoye alamar da za ta nuna wa direba cewa ya wuce kima. Masu harkar jan tirela da yawa sukan ba da shawarar kada a wuce kashi 80 cikin 100 na abin da lissafi ya bayar. Wannan shawara ce, ba doka ba, amma a hanyar ƙauye mai ramuka da yashi ko ita ma ba ta yi tsauri ba.

Doka kuwa tana nan: lodi fiye da kima laifi ne da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke kama direba a kansa.

Awo, taya da ƙugiya

Hanya mafi tabbas ita ce hawa babban sikelin auna motoci, irin wanda ake samu a kamfanonin casar shinkafa da wuraren fasa dutse: a auna mota da tirela tare, sannan a auna kowacce daban. Inda babu shi, a ƙirga buhu, a kuma ƙara wani abu a kai. Nauyin bakin tirela kuma ana iya auna shi da sikelin 'yan hatsi: a ɗora gungumen itace a kan sikelin yadda tsayinsa zai yi daidai da na ƙugiya, a sa wa tayoyin tirela waigi, a sauke bakin a kai. Idan bai kai kashi 10 ba, a matso da kaya gaba. Abin da aka saba shi ne kusan kashi 60 na kaya ya kasance gaban tayoyin tirela. Tirelar da nauyinta ya koma baya ita ce ke kaɗa wutsiya da an kama gudu. Idan hakan ta faru, a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a danna birki da ƙarfi.

Kowace taya tana da lambar lodi a gefenta, bayan lambar girmanta. Lamba 100 tana nufin kilo 800, 110 kilo 1,060, 112 kuma kilo 1,120, kuma wannan idan an ba ta iskar da ta kamata. Lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ya fara da DOT suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, abin da ya kamata mai sayen taya 'yar gwanjo ya duba.

Ita ma ƙugiya tana da nata iyaka da ake bugawa a jikinta, kuma idan nata ya gaza na mota, nata ake bi. Wadda aka yi wa walda a jikin bamba ba ta da wani adadi da za a dogara da shi. Wurin ɗaure ƙugiya shi ne shasi, da kusoshin da aka yi don haka. Ƙwallon ƙugiyar Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi amfani da shi inci biyu, wato milimita 50.8, kuma akwai wani ƙarami da bai kai milimita 48 ba. Bakin tirelar da ya fi ƙwallon girma zai iya fita a rami na farko. Don haka ne ake haɗa sarƙa biyu tsakanin tirela da shasin mota, a gicciya su ta ƙarƙashin bakin tirelar yadda za su tallafe shi idan ya kuɓuce, a kuma ja wayar fitilar birki da ta sigina zuwa bayan tirela, domin kayan da ke kanta sukan rufe na motar.