Tantanin da Aka Gano Kafin a Gan Shi

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da wani siririn tantani, shi ke tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. Kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari na milimita ba. Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne, masana sun gane yadda aka gina shi tun kafin a ƙera na'urar da za ta nuna musu shi.

A shekarun 1890, Ernest Overton, wani Bature ɗan Ingila da ke bincike a Zurik, ya lura cewa duk abin da ke narkewa cikin mai ya fi saurin kutsawa cikin ƙwayar halitta. Sai ya ce lallai tantanin nan na maiƙo ne. A 1925, Evert Gorter da François Grendel na ƙasar Holan suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka auna. Sai suka tarar faɗinsa ya ninka faɗin jikin ƙwayoyin sau biyu. Ashe maiƙon riɓi biyu ne. Daga baya an gano kurakurai a awonsu, amma kurakuran sun cinye juna, amsar ta zauna daidai.

Saura wurin zaman furotin. A 1935 Danielli da Davson suka ce yana shimfiɗe ne a ciki da wajen maiƙon, aka daɗe a kan wannan fahimta. Sai a 1972 Singer da Nicolson suka bayyana cewa tantanin ruwa-ruwa yake, furotin na nutse a cikinsa yana yawo, wasu kuma ƙofofi ne masu zaɓen mai wucewa.

Ɗaya daga cikin ƙofofin nan ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa a hanji, sodiyam da gulukos tare suke shiga, ruwa kuma ya bi bayansu. Cutar kwalara ba ta toshe wannan ƙofa. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, ruwan ƙari ya yi ƙaranci a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, sai Dakta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa shayar da majinyata ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Duk damina nakan karanta sanarwar ruwan gishiri da sukari a rediyo, kuma nakan ji masu sauraro suna cewa ai wannan ba magani ba ne, a ba su allura. Ga amsata gare su: gishirin ba ya shiga sosai sai da sukarin, shi ya sa ake cewa a haɗa su bisa ma'auni, a ci gaba da bai wa yaro kaɗan-kaɗan har a isa asibiti.