Annoba Ta Wuce, Tarin Fuka Na Nan: Abin da Shekarar Korona Ta Bar Mana

Mai karatu, idan a gidanku akwai mai shan maganin tarin fuka, ko wanda tari ya ƙi saki, akwai ɗan tarihin da ya kamata ka sani. Tarihi ne na yadda wannan tsohuwar cuta ke samun sarari duk lokacin da baƙuwar annoba ta ɗauke hankalin jama'a, da kuma abin da ke tare mata hanya.

Korona ba ita ce annobar numfashi ta farko da ta ratsa ƙasar Kano ba. A watan Satumba na 1918 mura mai kisa, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, ta biyo layin dogon da ya iso Kano a 1911. An ƙiyasta cewa ta hallaka kusan mutum rabin miliyan a Nijeriya. A wancan zamani an riga an san ƙwayar tarin fuka, domin Robert Koch ya bayyana ta a Jamus ranar 24 ga Maris 1882, amma babu maganinta. Sai a shekarun 1940 aka samu streptomycin, isoniazid ya biyo baya a 1952, rifampicin kuma a shekarun 1960. Don haka mai tarin fuka a 1918 ba shi da abin da annoba za ta raba shi da shi. Na 2020 kuwa yana da magani mai warkarwa, kyauta, kuma abin da ya shiga haɗari shi ne hanyar da ke tsakaninsa da maganin.

An ɗauki shekaru ana share wannan hanya. A 1989 gwamnatin tarayya ta kafa shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta, mai cibiyar horar da ma'aikata a Saye, kusa da Zariya. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin matsalar gaggawa ta duniya, aka yaɗa tsarin da majinyaci ke haɗiye maganinsa a gaban ma'aikacin lafiya. Sannu a hankali aikin ya fita daga manyan wurare irin su Asibitin Zana da ke birnin Kano, ya kai ga asibitocin ƙananan hukumomi da ɗakunan shan magani na ƙauyuka.

Dalilin wannan sa ido yana cikin halin cutar. Ana shan magani wata shida: wata biyu na farko magunguna huɗu, wato rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sauran wata huɗun kuma biyun farko kaɗai. Cikin 'yan makonni tari kan lafa, zufar dare ta ɗauke, cin abinci ya dawo, mutum ya ga kamar ya warke. Amma wasu ƙwayoyin na nan kwance a huhu, ba sa mutuwa sai an daɗe ana bugunsu. Wanda ya yanke a tsakiya, cutar kan dawo masa, wani lokacin da nau'in da ba ya jin maganin farko, wanda jinyarsa ta fi wuya, kuma shi zai shafa wa iyalinsa.

Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da korona a Legas, ranar 11 ga Afrilu kuma a Kano. Kwana biyar bayan haka gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, wanda shi ma ɗan Dawakin Tofa ne, ta kafa dokar kulle, ranar 27 ga wata Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara wa'adinta da mako biyu. Azumi ya kama a cikin kulle, a daidai lokacin da mace-mace suka yawaita a birni. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mamata 979, kuma rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. Ba a ɗage dokar gaba ɗaya ba sai farkon Yuli.

Ka tuna yadda ƙasar Dawakin Tofa take. Ƙauyuka ne a jere, gida na kallon gida, rayuwa kuma ta jingina da titin Katsina da kasuwar hatsi ta Dawanau. Da motoci suka tsaya, mutumin Kwa ko Jalli ko Marke da ke da ranar karɓar magani ya rasa abin hawa, ɗan dako kuma ya rasa kuɗin abinci balle na mota. Sai kuma tsoro ya shigo. Tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi alamomin cututtukan biyu ne, mutane da yawa suka gwammace su ɓoye tarinsu, su sayi maganin tari a kemis, kada a kai su wurin killacewa. Mai tarin fuka da ya ɓuya a ɗakin da ba ya samun iska, matarsa da 'ya'yansa ne ke shaƙar abin da yake fitarwa.

Irin wannan ya faru a ƙasashe da dama. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa waɗanda aka gano da tarin fuka sun ragu daga miliyan 7.1 a 2019 zuwa miliyan 5.8 a 2020. Cutar ba ta ragu ba, masu ita ne suka daina zuwa. Mace-macenta suka ƙaru a karon farko cikin fiye da shekara goma, suka kai kusan miliyan 1.5.

Nijeriya na cikin 'yan ƙasashen da labarinsu ya bambanta. Bayan raguwar watannin kulle, adadin waɗanda aka gano ya tashi daga kimanin 120,000 a 2019 zuwa kimanin 138,000 a 2020, ya haura 200,000 a 2021. Abin da aka yi ba ɓoyayye ba ne. An riƙa ba majinyaci magani mai yawa a zuwa ɗaya, aka ɗora wa wani na gida amanar ganin ya sha, ana bibiya ta waya. Ma'aikata suka shiga unguwanni da ƙauyuka suna neman masu tari maimakon zaman jira. Na'urar GeneXpert, mai gwada kaki cikin kusan awa biyu, aka sa ta aikin cututtukan biyu. Duk da haka waɗanda aka gano a 2020 ba su kai kashi ɗaya cikin uku na kimanin 450,000 da aka ƙiyasta sun kamu a shekarar ba. Sauran suna cikin gidaje irin namu.

Abin da mu masu harhaɗa magunguna muka ɗauka daga wannan shekara shi ne: da ƙofar asibiti ta yi nisa, gida ne ya riƙe jinya. Saboda haka nauyin yana wuyanka tun kafin wata annoba ta zo. Tarin da ya kai mako biyu, a kai kaki gwaji, ko ana maganar wace cuta a rediyo. Idan ka ji ƙishin-ƙishin rufe hanya, ko damina za ta yanke ku, ko tafiya ta taso, ka je da katin majinyaci ka nemi ƙarin magani tun na hannu bai ƙare ba. Ka riƙe lambar ma'aikacin da ke kula da ku. Idan azumi ya zo, a tambayi lokacin da za a mayar da shan magani, kada a ajiye shi. Fitsari ya yi ja-ja aikin rifampicin ne, ba abin tsoro ba; amma idan ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya dushe, a garzaya asibiti a ranar. A buɗe tagogi, a kai duk mutanen gidan a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar, domin akwai maganin kariya da ake ba su.

Marisuwa ta wuce, korona ma ta lafa, wata kuma za ta iya zuwa. Wanda ke kan magani ya cika wata shidansa, ko ana kulle ko ba a yi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.