Jirgi a Gaɓa Yake Mutuwa

A zaman da ya wuce an yi ƙorafi kan kuɗin gyaran jirgin ƙungiya, wanda muka tara kuɗi muka saya domin ƙetarar da mutanen garinmu. Masassaƙi ya ce ba tsakiyar kogi gefensa ya tsage ba, a wurin ɗauri ne. Don haka na ga ya kamata mu waiwayi yadda magabata suka yi.

Can da, Sarkawa da Kabawa na bakin kogin Isa, daga Gaya har Yawuri, da gungumen madaci suke sassaƙa jirgi. Ba sa tsayar da shi kan dutse. Sai sun nemi yashi ko laka, su kafa turke, su ɗaure goshi da baya don kada iska ta yi ta gwara shi da na maƙwabci. Inda ya yi ɗan tsagu a cusa tsumma a liƙe. In zai daɗe ba aiki, a bar ruwa cikinsa ko a rufe shi da zana, domin rana tana fasa itace.

Sa'an nan zamani ya sake. A nan Yamai, kafin a buɗe gadar Kennedy a 1970, da bak da jiragen sassaƙa ake ƙetarewa zuwa Harobanda. Bayan haka siminti da duwatsu suka yawaita a gaɓa, manyan jiragen katako masu inji suka zo, suna tada igiyar ruwa mai buga ƙanana da bango. Shi ya sa matuƙa suka shiga rataya tsofaffin tayoyin mota a gefen jirgi, suna shafe gindinsa da kwalta.

Kogi kansa ya koya mana darasi sau biyu. A watan Yuni na 1985 ruwa ya daina gudu a Yamai, jirage suka kwanta kan busasshen yashi cikin rana. A 2020 kuwa ya cika har kusan mita 7, ya ci unguwanni. Kun san kuma cikarsa biyu ce kowace shekara: jan ruwa na damina, da wanda ke isowa daga Gine cikin sanyi. Igiyar da aka ɗaure tamau yau, gobe ruwa ya hau ta danne goshin jirgi, in ya sauka ta bar shi kan dutse.

To, jama'a, abin da nake roƙo kaɗan ne. A samo tsofaffin tayoyi 6 daga kasuwar Katako, ga ta nan kusa da mu, a aika gida da igiya sabuwa. A kafa turke biyu wurin laka. A sa yaro ɗaya ya riƙa duba ɗaurin safe da maraice, a ba shi ɗan goro daga asusu. Wannan jirgi shi ke kai mai naƙuda likita, shi ke kai yara lakwal. Rigakafi ya fi magani.

Allah shi kiyaye mu da dukiyarmu. Wassalam.

Ɗanku, mushen lakwal, Bukoki.