Iskoki

Iskoki, jam'in iska, suna ne da Hausawa ke kiran halittun ɓoye waɗanda aka yi imani suna zama a kuka, tsamiya, tsofaffin rijiyoyi da bakin rafi. A ƙauyukan arewacin Kano irin na Bichi da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, akan bar tsohuwar tsamiya tsaye don gudun taɓa mazaunanta. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya bayyana cewa ana kasa su gida biyu, farare masu sassauci da baƙaƙe mazauna daji, waɗanda ake jingina wa hauka da shanyewar jiki.

Musulunci ya shigo da kalmomin aljani da shaiɗan daga Larabci, sai aljani ya zama kusan daidai da iska, domin akwai musulminsu akwai kafirinsu, shaiɗan kuwa ya keɓanta da Iblis da rundunarsa. Tremearne, a littafinsa na 1914 kan bori, ya kira iskoki da kalmar Ingilishi "demon", wadda ke nufin mugun ruhu zalla, kuma wannan ya tauye ma'anar ƙwarai, tunda 'yan bori kan nemi magani wajen iskoki irin su Inna da Ɗan Galadima.