Yadda ake auna ingancin bayanin kayan aikin wakilan ƙirƙirarriyar basira

Wakilan ƙirƙirarriyar basira dai manhajoji ne da ke aiwatar da ayyuka a madadin mutum, kamar binciko bayanai a intanet, ko aika saƙon imel, ko gyara fayil a kwamfuta.

Suna yin waɗannan ayyuka ne ta hanyar wasu ƙananan manhajoji da ake kira kayan aiki. Sai dai wakilin ba ya ganin abin da ke cikinsu.

Abin da kawai ake miƙa masa shi ne sunan kayan aikin, da ɗan rubutu mai bayyana aikinsa, da kuma jerin bayanan da yake buƙata. Idan rubutun ya yi rauni, wakilin na iya ɗaukar kayan da ba shi ne ya dace ba, ko ya shafe abin da ba a so a shafe.

Asalin lamarin

A watan Yunin 2023 ne kamfanin OpenAI na Amurka ya buɗe wa masu ƙera manhajoji hanyar bayyana kayan aiki ga na'urarsa ta GPT.

A watan Nuwamban 2024 kuma kamfanin Anthropic ya fito da tsarin Model Context Protocol, ko MCP a taƙaice, domin a sami hanya guda ta haɗa wakilai da kayan aiki. OpenAI da Google sun rungumi tsarin a 2025.

Hakan ya sa bayani guda da wani ya rubuta kan iya shiga hannun wakilan kamfanoni daban-daban.

Ma'aunan inganci

Ma'auni na farko shi ne ko bayanin ya faɗi abin da kayan ke yi, da lokacin da ya dace a yi amfani da shi, da lokacin da bai dace ba. Jagorar da Anthropic ya wallafa ta ba da shawarar a rubuta aƙalla jimloli 3 zuwa 4 ga kowane kayan aiki.

Na biyu shi ne fayyace bayanan da ake shigarwa. Alal misali, 03/04 na nufin 4 ga Maris a Amurka, amma 3 ga Afrilu ke nan a Birtaniya. Idan bayanin kayan sayen tikitin jirgi bai faɗi tsarin kwanan watan ba, ana iya yanka wa matafiyi tikitin wata ranar daban.

Na uku, a bambanta kayan da suka yi kama da juna. Idan akwai na binciken saƙonni da na binciken takardu, kowannensu kuma an rubuta masa "yana yin bincike" kawai, to wakilin zato zai yi.

Na huɗu, bayanin ya nuna sakamakon aikin: karanta bayanai kawai yake yi, ko yana gogewa, ko yana kashe kuɗi. A watan Maris na 2025 an ƙara wa tsarin MCP wasu alamomi da ke nuna irin wannan bambanci.

Gwaji

Karanta bayani da ido kaɗai ba ya wadatarwa. Masu ƙera manhajoji kan ba wakili ayyuka irin na yau da kullum, su ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan da ya dace, da sau nawa ya yi kuskure, sannan su gyara rubutun su sake gwadawa.

A wani rahoto na Disamban 2024, injiniyoyin Anthropic sun ce sun fi ɓata lokaci wajen gyara kayan aikin wakilinsu mai rubuta manhaja fiye da gyara babban umurnin da aka ba shi.

Wakilin ya riƙa kuskuren gano inda fayiloli suke, har sai da aka tilasta masa rubuta cikakken adireshin kowane fayil.

Barazanar tsaro

Tunda wakili kan ɗauki bayanin kayan aiki tamkar umurni, miyagu na iya cusa nasu umurnin a ciki.

A watan Afrilun 2025, masu bincike na kamfanin Invariant Labs da ke Suwizalan sun nuna haka da wani kayan aiki na tara lambobi biyu. A cikin bayaninsa an ɓoye umurnin da ya sa wakilin ya kwaso mabuɗan sirri daga kwamfutar mai amfani da shi, ya tura su waje.

Mai kwamfutar kan ga taƙaitaccen bayani ne kawai a allonsa, yayin da wakilin ke karanta rubutun baki ɗaya.

Don haka mai tantancewa kan duba cikakken rubutun, ya tabbatar ya yi daidai da abin da kayan ke yi a zahiri, ya kuma sake dubawa duk lokacin da aka sabunta shi, domin ana iya sauya bayanin bayan an riga an amince da shi.