Noman barkono a lambun gida a yankin Zariya

Barkono tsiro ne mai yaji daga rukunin da masana kimiyya ke kira Capsicum, dangin tumatir da gauta da dankalin turawa. A Shika da Samaru da Sabon Gari, da sauran garuruwan da ke kewaye da Zariya a jihar Kaduna, ana noma shi a gonaki da fadamu, ana kuma shuka shi a garka ko bayan gida domin miyar yau da kullum. Abin da ya fi tasiri a nomansa a wannan yanki shi ne lokaci, wato a yi reno kafin damina ta kankama, a kare shukar daga ruwan Agusta, sannan 'ya'yan su nuna a lokacin kaka da iska ke bushewa.

Asali

Asalin barkono daga nahiyar Amurka ne, musamman ƙasar Meziko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, inda aka yi dubban shekaru ana noma shi. Bayan tafiyar Kolumbus ta shekarar 1492 ne ya isa Turai, daga nan fataken Fotugal suka yaɗa shi zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma da Indiya. Kafin isowarsa, masoro da citta da kimba na cikin kayan da ake yaji da su a wannan ɓangare na Afirka, kuma har yanzu ana haɗa su da barkono a wurin daka.

Ire-ire

Akwai manyan jinsuna uku da aka saba gani a kasuwannin Zariya. Na farko shi ne Capsicum annuum, wanda ya ƙunshi tattasai mai ƙarancin yaji da shambo mai tsawo. Na biyu shi ne Capsicum frutescens, wato ƙananan barkono masu tsananin yaji da aka fi busarwa. Na uku shi ne Capsicum chinense, wato attaruhu, mai ƙamshi, wanda aka fi amfani da shi ɗanye.

Yajin yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna kafsaisin. Ya fi taruwa a farin tantanin da ke riƙe da ƙwayoyin iri a cikin ɗan barkono, ba a ƙwayoyin kansu ba. Ana auna ƙarfinsa da ma'aunin Scoville, wanda wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912.

Yanayi da ƙasa

Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa Oktoba, kuma ya fi yawa a Agusta. Barkono ya fi jin daɗin zafi tsakanin digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafi ya kai digiri 35, kamar yadda ake samu a bazara cikin Maris da Afrilu, furanni kan zube ba su ƙulla 'ya'ya ba. Sanyin hunturu kuwa yana rage saurin tsirowar iri da girman shuka.

Shukar tana son ƙasa mai taushi da ba ta riƙe ruwa, da wurin da rana ke haskawa mafi yawan yini. Saiwarta ba ta jure kwanciyar ruwa, shi ya sa ake dasa ta a kan kunya da damina. Da rani kuwa ana dasawa a cikin fangali domin ruwan da aka ba ta ya tsaya.

Reno da dashe

Ba a cika shuka barkono kai tsaye ba, sai an rene shi tukuna. Ana gyara ɗan wuri ko tsohon kwano da aka huda gindinsa, a cakuɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a yafa iri, a rufe da ƙasa kaɗan da busasshiyar ciyawa. Irin yakan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma attaruhu kan kai mako uku. Da zarar ya fito sai a cire ciyawar a yi masa 'yar rumfa.

Domin noman damina, ana yin reno a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, a dasa a Yuni idan ruwa ya zauna. Mai rijiya ko famfo a gida yana iya yin reno a Satumba ko Oktoba domin noman rani. Dashe yana isa cirewa bayan mako biyar zuwa shida, lokacin da ya kai tsawon santimita 10 zuwa 15. Ana dasawa da yamma, a bar tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin tushe da tushe. Wanda ba shi da fili yana iya dasa tushe ɗaya a buhun da aka cika da ƙasa da taki.

Kulawa

Takin shanu ko kashin kaji da ya ruɓe sosai shi ne ya fi dacewa da lambun gida, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Masu amfani da takin zamani kan zuba NPK kaɗan bayan mako biyu zuwa uku da dashe, nesa kaɗan da gindin shukar. Idan takin yuriya ya yi yawa, shukar za ta yi ganye ta rage 'ya'ya. Ana cire ciyawa da hannu ko ƙaramar fartanya saboda saiwar ba ta da zurfi. Shinge kuma wajibi ne a gidan da ake kiwo, don kaji da sauran tsuntsaye ba sa jin yajin barkono, suna cin 'ya'yan da suka nuna.

Kwari da cututtuka

Babbar matsalar barkono a Afirka ta Yamma ita ce cututtukan bairos, waɗanda darɓa da farin ƙuda ke yaɗawa. Alamarsu ita ce ganye ya nannaɗe ko ya yi dabbare-dabbare, shukar ta tsumbure. Ba su da magani, sai dai a tumɓuke shukar da ta kamu a ƙona ta. Akwai kuma cutar da ke sa shuka ta yi yaushi farat ɗaya alhali ƙasa na da danshi, da ƙananan tsutsotsin ƙasa masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Domin rage waɗannan, ba a maimaita barkono a wurin da aka cire tumatir ko gauta. Wasu masu lambu suna fesa ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya domin korar kwari.

Girbi da adanawa

Ana fara tsinkar yawancin barkono bayan wata biyu zuwa uku da dashe, attaruhu kuma yakan ɗan fi haka jinkiri. Ana tsinka duk bayan mako ɗaya ko biyu, tare da ɗan guntun karan, a hankali don kada reshe ya karye. Yawan tsinka yana sa shukar ta ci gaba da fure, idan kuma ana ba ta ruwa da rani tana iya wuce shekara tana haihuwa.

Barkonon da za a busar sai ya nuna ya yi ja sosai. Ana shanya shi a kan tabarma ko buhu mai tsabta, ba a ƙasa ba, ana juyawa har sai ya riƙa ƙara idan an girgiza shi. Wanda aka adana da sauran danshi yana yin fumfuna, kuma wasu nau'o'in fumfunar suna haifar da gubar aflatoksin mai illa ga hanta. Irin baɗi ana zaɓarsa daga lafiyayyun shukoki, amma idan an dasa ire-ire dab da juna ƙudan zuma kan gauraya su. Wanda yaji ya ƙona wa baki, nono ko madara sun fi ruwa kashe zafin, saboda kafsaisin ba ya narkewa a ruwa.

Amfani da bincike

Ana sa ɗanyen barkono a miya da kwaɗo, busasshen kuma a daka shi a yi yajin tsire da na kilishi da yajin jego. Farashinsa yakan sauka da kaka ya tashi daga bazara zuwa farkon damina, don haka gidan da ya busar da nasa yakan huta da saye a lokacin tsada.

A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, wadda ta samo asali daga tashar gwaji da aka kafa a 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne kuma cibiyar NAERLS take, mai isar da sakamakon bincike ga manoma. Shika kuwa ita ce mazaunin cibiyar NAPRI mai binciken kiwon dabbobi.